Akwai Sauka a Konni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Alhamis ɗin da na fara shiga jirgin sama. Ba daɗin tafiyar ne ya sa na riƙe ta ba. Abin da bakina ya jawo mini ne, a gaban mutane, a wurin da babu ƙofar da mutum zai sulale ya fita. Har yau in na tuna ina cikin wanke-wanke, sai in ajiye kwano in rufe fuska da zane, alhali ni kaɗai ce a tsakar gida.

Ni a Talaje nake zaune, nan Yamai, shekara da shekaru. Wanda ya san unguwar ya san ba mu da nisa da filin jirgi. Kullum jirage suna ratsawa ta saman rufinmu, wani ma har sai kwanukan da ke kan kanta sun amsa. Sanin da na yi wa jirgi ke nan, irin sanin da kaza ta yi wa shirwa: ta ƙasa, daga nesa, kai a karkace.

Abin da na sani da gaske shi ne hanyar mota. Babbar ƴata (ba zan kama sunanta ba, ƴar fari ce, ku yi mini uzuri) gwamnati ta tura ta koyarwa Damagaram, can kuma Allah ya haɗa ta da miji. Saboda ita na haddace hanyar nan kamar Fatiha. A shiga kar, babbar motar fasinjan nan, tun duhun asuba, Doso, Dogon Dutsi, Konni, Galmi, Madawa, Maraɗi, Tasawa, ba za a ga Damagaram ba sai rana ta daɗe da faɗuwa. Kowane gari da abin da ake tsayawa yi. Wani a yi salla, wani a ci abinci, a Galmi mata su yi ta cinikin albasa ta taga. Kuma duk inda aka tsaya za ka ga wani ya matso gindin mota yana leƙe, ya zo karɓar saƙo. Mu haka muka tashi muka gani. Matafiyi ba ya tafiya da kayansa kaɗai, sai da na maƙwabta.

Sai in faɗa muku wani abu game da ni, don ku gane inda cutar ta samo asali. Ban yi lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da autana ya shiga aji uku sannan na ɗauki kaye da bik (littafin rubutu da biro ke nan) na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Shekara uku ina zuwa, ko ruwa ake yi. Na iya karatu, na iya rubutu, na iya duba agogo, har rabawa na iya, wadda ita ce ta kori rabin ajinmu. Daga nan sai na zama idon matan lungunmu. Takardar likita, saƙon waya, katin biki, duk wurina ake kawowa. "Yaya, duba mana." Ni kuwa sai in gyara zama, in sa tabarau, in yi gyaran murya. Ni mai sanyin magana ce, kowa ya shaida, to ashe girman kaina ma a hankali yake magana, shi ya sa ko ni ban ji shigowarsa ba.

Ana nan sai yarinyar ta haihu, ɗa namiji, haihuwar fari. Aikinta bai bar ta ta zo gida wanka ba, don haka ni ce zan je in zauna mata jego. Mijinta, yaron kirki, ya kira Malam (maigidana ke nan) ya ce ba zai yarda Inna ta wuni a kar da ciwon gwiwar nan ba, ya saya mini tikitin jirgi. Aka bugo takardar aka kawo gida.

Malam ya miƙo hannu. "Kawo in duba miki."

Na ce, "Malam, ai na karanta."

"Kin gane komai?"

"Sarai."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya koma ga rediyonsa.

Kuma gaskiya na karanta. Ga Yamai, ga Damagaram. Tashi ƙarfe goma na safe, sauka kafin sha biyu ta cika. Sau uku ina ƙirgawa da yatsa, don ban yarda da idona ba. Tafiyar da ke cinye wuni guda har ta taɓa dare, wai awa biyu ma ba za ta kai ba. Na ce ikon Allah. Ban ga an rubuta Konni ko Maraɗi a takardar ba, amma wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Tikitin kar ma ai Yamai da Damagaram kawai ake rubutawa, kuma wane gari ne ba a tsayawa? A lissafina jirgi kar ce da aka yi wa fukafukai. Tana dai sauri, shi ke nan.

Ranar Talata da la'asar na shiga gidan Rabi in yi mata sallama. Rabi maƙwabciyata ce, katanga ɗaya, ƴar Konni. A lokacin ƙafarta na ɗaure, ta faɗo daga kabu-kabu ta karye, likita ya hana ta tafiya ko'ina. Na same ta a tabarma ta baza wata farar shadda a gabanta, an yi mata aiki da zare ruwan zinari tun daga wuya har ƙirji. Ban taɓa ganin ɗinki irinsa ba. Na ƴar wanta ne, Mariyama, marainiya, wadda Rabi ta riƙe tun tana rarrafe. Ranar Asabar za a ɗaura mata aure a Konni, kuma wannan ce rigar da za ta sa a kai ta ɗakin miji.

"Yaya, rigar nan ta hana ni sukuni," in ji Rabi. "Ni ba zuwa ba, ita ba tafiya ba. In ba ƴan kar, gabana faɗuwa yake yi. Bara atamfa na aika, da manja ta isa, rabi ja rabi shuɗi."

Na ce, "Kawo. Jibi zan wuce ta Konni. Hannu da hannu."

Ta ɗago kai. "A jirgin? Yana tsayawa Konni?"

To, jama'a, nan ne wurin. Da na yi shiru na minti ɗaya, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma mace ta dube ni da idon wadda ke tambayar masani, ni kuma takarda tana cikin jakata.

"Rabi, to ta ina zai bi? Hanyar Damagaram ai ɗaya ce."

"Haka ne fa," in ji ta. "Ke ce mai boko."

Na ciro kaye na yi lissafi a gabanta, don ta ga ba da ka nake magana ba. Konni kusan rabin hanya ce. Tafiya kusan awa biyu. A raba biyu. Na ja layi a ƙasa kamar yadda malamarmu ta koya mana, na ce, "Sha ɗaya saura kaɗan ina Konni." (Lissafin nan fa daidai yake. Ko yanzu aka ba ni shi a jarrabawa zan ci.)

Nan take Rabi ta kira ƙanenta Sule da ke can. "Ka je tasha ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya, maƙwabciyata za ta miƙa maka rigar Mariyama. Kada ka makara." Ba ta ce masa jirgi ba. Ni kuma ban tsaya tunanin wace tashar ba. A raina tasha tasha ce.

Kada ku ɗauka kowane saƙo na karɓa. Da labari ya zaga, wata ta kawo mini ƙullin yaji in ajiye wa ƴarta a Doso, na ce mata a'a, Doso ta yi kusa, ba na jin zai tsaya, ko zafi injin bai yi ba. Kun ga ai ina aiki da hankali.

Malam ban faɗa masa ba. Ya daɗe yana yi mini faɗa kan kwasar saƙon mutane, yana cewa wata rana sai na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Na naɗe rigar cikin sabon zane, na ɗaure, na sa ta ƙarƙashin mayafi.

Ranar Alhamis ya raka ni filin jirgi a taksi. Aka auna akwatina, aka liƙa mata takarda, ta bi wani bel ta shige rami ina kallo. Ƙunshin kuwa na rungume shi. Wanda zai miƙa saƙo a hanya ai ba ya bari a danne masa shi ƙarƙashin kaya.

"Wannan fa na mene ne?" in ji Malam.

"Kayan mata ne."

Babu namijin da ke ƙara tambaya bayan wannan amsar. Ya yi mini addu'a, muka rabu.

Jirgin ƙarami ne, mai fanka biyu, ɗaya kowane gefe. Aka ba ni kujerar taga. Kusa da ni wani dattijo ne mai farin gemu, Alhaji ɗan kasuwar Damagaram, da carbinsa a hannu. Muka gaisa. Wata yarinya ma'aikaciyar jirgi, mai fara'a, ta zo ta ɗaura mini ɗamara tana ce mini Hajiya. (Ban je Makka ba, amma ban gyara mata ba. Wanda ya shiga jirgi ai ya yi rabin hanya.)

Tashin kam ba zan ɓoye ba, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da na buɗe ido sai ga Yamai a shimfiɗe kamar an zubar da ashana, kogi yana walƙiya a gefe. Na nemi rufin gidanmu ban gane shi ba. Na ce a raina, ashe haka muke ƙanana, mu da muke ta faɗa kan makwararar ruwa.

Daga nan na koma ga aikina. Ido ɗaya a agogo, ɗaya a taga, ina neman kwalta. Ban ga kwalta ba. Ƙasa ce kawai ja da fari, da ɗigo-ɗigon itatuwa. Na ce wataƙila tana ɗaya gefen.

Goma da rabi na mayar da takalmana, na gyara ɗaurin kallabi, na ɗora ƙunshi a cinya. Sha ɗaya saura kwata na kasa kunne in ji an rage gudu. Shiru. Sha ɗaya saura goma, jirgi ko alamar sunkuyawa bai yi ba. Na duba mutane, babu mai tattara kaya. Wani barci ma yake yi baki buɗe.

Sai tunani ya zo mini: akwai direbobin da in ba a yi magana ba, wucewa suke yi. Wa ya sani, wataƙila yau ni kaɗai ce mai Konni. In na yi shiru na cuci Rabi.

Yarinyar tana tafe tana raba lemo da ɗan burodi. Da ta iso kaina na ce a hankali, yadda na saba magana, "Ƴata, don Allah ki faɗa wa direba akwai sauka a Konni."

Ƙarar fanka ta cinye maganar. Ta sunkuyo. "Na'am, Hajiya?"

Na maimaita. Ta nuna kunnenta, ta girgiza kai tana murmushi.

Ni da ko ƴaƴana ban taɓa ɗaga wa murya ba. Ni da ake cewa in ina magana sai an kashe rediyo. Ranar nan na tattara duk muryar da na yi shekara hamsin ina adanawa, na sake ta gaba ɗaya:

"AKWAI SAUKA A KONNI!"

Mai barcin nan sai da ya farka.

Jirgi ya yi tsit, in ban da fanka. Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta tsaya da kwalin lemo a hannu, ta ciji leɓe. Can daga baya sai wani ya ce, "To in an sauke Hajiya, mu ma a ajiye mu Galmi, albasa za mu saya!"

Wayyo. Kamar an fasa tulu. Wani ya ce a tsaya masa a Madawa zai kama ruwa. Wata mata ta gaba tana ta fassara wa wani Bature abin da na ce, shi ma ya juyo. Alhajin da ke kusa da ni ya sa hula ya rufe fuska, carbi yana rawa a hannunsa.

Yarinyar, Allah ya yi mata albarka, ta durƙusa daidai kunnena. "Hajiya, jirgi ba ya tsayawa ko'ina. Daga Yamai sai Damagaram."

Kun san mutum in ya fara nutsewa, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa, "Ko na minti biyu? Ba sauka zan yi ba. Ta taga kawai zan miƙa."

Nan ita ma ta kasa. Ta miƙe da sauri ta shige bayan labule, na ga labulen yana motsi.

Na so ƙasa ta tsage in shige, to ƙasar ma ta yi nisa.

Da Alhaji ya samu numfashi, ya share hawaye da hannun riga, ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni, wallahi ba raini ba ne. Na shekara talatin ina hawa abin nan, ban taɓa jin wanda ya nema mana hakkinmu irin yau ba." Sannan ya yi mini bayani a hankali, yana zana layi da yatsa a bayan kujera. Hanyar mota tana lanƙwasa ne tana bin garuruwa, kusan kilomita ɗari tara. Jirgi kuwa ba ruwansa da kwalta, miƙewa yake yi kamar an ja zare daga wannan fili zuwa wancan, shi ya sa nisan ke raguwa, ga kuma gudu. Ba ya sauka sai inda aka gina masa wurin sauka. "Konni kuwa," ya ce, ya nuna baya da babban yatsa, "yanzu haka mun bar ta."

Sai a lokacin kunya ta matsa gefe, tsoro ya zauna. Na dubi ƙunshin da ke cinyata. Jibi ɗaurin aure. Ga rigar marainiya ina gudu da ita zuwa gabas, kowane minti ina ƙara nisanta ta da mai ita. Ban san hawaye ya zubo ba sai da Alhaji ya ce, "Subhanallahi, mene ne a ciki?"

Na faɗa masa duka. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Yau Alhamis," ya ce, yana ƙirgawa da carbi. "Kar tana tashi daga Damagaram gobe da asuba, tana Konni wajen azahar. Kina da kwana guda a hannu. Amma kada ki je gida tukuna. Daga fili ki wuce tasha, ki ba da shi yau, a rubuta. In kika ce sai kin huta, kin sha ruwa, an yi barka, to ofishinsu ya rufe."

Ƴan kar. Su ɗin dai da Rabi ta guje wa, ni na ce mata hannu da hannu.

Muka sauka sha biyu saura, daidai yadda takarda ta ce. Ita dai takarda ba ta yi ƙarya ba. Ina kunna waya ta hau ruri, Rabi ce, kira na bakwai. Ban ɗauka ba, don ga surukina can yana tahowa da fara'a, cikin manyan kaya.

Ku da kuka san al'ada kun san tsakanin mace da mijin ƴarta ta fari. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Maganarmu ba ta wuce gaisuwa, ni ina kallon gabas shi yana kallon ƙasa. Yau shi ne zan buɗe baki in faɗa wa wautata.

Ya durƙusa. "Inna, sannu da zuwa. Ya hanya? Mu je, mai jego tun safe take tambaya."

Na ce, ina kallon tayar mota, "A fara kai ni tashar kar."

"Tashar kar, Inna? Lafiya? Wani abu aka yi miki a jirgin?"

"Ba a yi mini komai ba. Saƙo ne da ni na Konni."

"Na Konni." Ya maimaita. "To ai Konni tana…" Ya ɗaga hannu zai nuna yamma, ya fasa.

"Na ɗauka yana tsayawa," na ce.

Yaron nan yana da tarbiyya. Ya juya ya buɗe bayan mota, ya sa kansa ciki kamar mai gyara zaman akwati, ya daɗe a haka. Kafaɗunsa kawai nake gani. Ya kusa cin nasara, sai ga Alhaji ya zo wucewa da jakarsa, ya ɗaga murya, "Hajiya ta Konni, Allah ya huta gajiya! Kada a manta, tasha tukuna!" Sai na ji wani sauti ya fito daga cikin but ɗin motar, kamar an taka ɗan akuya.

A hanya na kira Rabi.

"Yaya! Kina ina? Sule tun goma da rabi yake tasha, kowace mota ta tsaya sai ya leƙa yana tambayar matar Talaje."

"Rabi, ina Damagaram."

"Rigar fa?"

"Tana hannuna."

 Da ta yi magana, muryarta ta sauya. "Yaya, yarinyar nan ba ta da uwa. Ni na ce mata ta kwantar da hankalinta."

Wannan ta fi dariyar jirgi zafi, nesa ba kusa ba. Na ce, "Laifina ne, Rabi, ba na kowa ba. Ki ba ni zuwa gobe da azahar."

"Allah ya sa," kawai ta ce, ta kashe.

A tasha na sa surukina ya sayo leda uku masu kauri da kwali. Na naɗe, na sake naɗewa, na ɗaure da igiya kamar mai ɗaure ɗan maraƙi. Na karɓi babban alƙalami wurin mai rubuta kaya, na durƙusa a ƙasa da gwiwar nan mai ciwo, na rubuta da hannuna a kowane gefe na kwalin: sunan Sule, lambar wayarsa, KONNI, sannan da manyan baƙaƙe, RIGAR AMARYA CE, MARAINIYA, A NISANTA TA DA MANJA DON ALLAH. Mai rubuta kayan ya karanta, ya dube ni, ya ɗauki kwalin ya ɗora bisa kabad ɗinsa. Ya ce, "Inna, wannan gaban mota zai zauna, kusa da direba."

Sai bayan nan na je na ga jikana. Aka ɗora mini shi, ɗumi-ɗumi, yana ƙamshin sabulu, ya kama yatsana ya riƙe. Na yi murna, Allah ya sani, amma rabin zuciyata tana cikin kwali. Ita kuwa uwar, mijinta ya riga ya raɗa mata, tana kwance tana riƙe ciki tana cewa, "Inna, don Allah ki daina kallona, ɗinkina zai buɗe."

Juma'a na wuni da waya a ƙulle a bakin zane. Na dafa ruwan wanka, na dama kunun kanwa, ina yi ina taɓa ta. Aka yi azahar, shiru. Aka sauko daga masallaci, shiru. Sai wajen ƙarfe uku ta yi ƙara. Rabi.

"Ta isa," in ji ta. "Fara tas. Mariyama ta gwada, kamar a jikinta aka ɗinka." Ta ja numfashi. Sannan, a karo na farko, na ji dariya tana taso mata. "Yaya, wai da gaske ne kin ce a buɗe miki taga?"

Har yau ban san wanda ya kai labarin Talaje kafin ni ba. Ina zargin mai jego.

Da na cika kwana arba'in, surukina ya aiko matarsa ta tambaye ni ranar da za a saya mini tikitin komawa. Na ce a gode masa, amma kar zan shiga, kuma a yanka mini zuwa Konni kawai, zan kwana can in ƙarasa washegari. Suka yi ta magiya saboda gwiwa. Na ce akwai mutumin da na shanya a rana awa biyu, ban taɓa ganin fuskarsa ba, kuma irin wannan haƙurin ba a bayar da shi ta waya.

Muna shiga tashar Konni na ga wani dogo ya matso gindin mota yana leƙe. Ban tambaya ba na san shi ne. Na sauko da ƙyar, ƙafafu sun kumbura, na fara jero ban haƙurin da na yi ta shiryawa tun daga Tasawa. Bai bari na kai rabi ba.

"Haba Inna, wallahi ba komi. Wagga karon dai kin biyo ta ƙasa, mun gode Allah. Rannan da an gaya mini ta bisa za ki wuce, ai da sai in hau soro in tara riga."

A bayansa wata yarinya ce cikin lulluɓi, da lalle bai gama gogewa a hannunta ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta karɓi jakata ta ɗora a ka. Mariyama. Ta ce tun jiya ta share mini ɗaki.

Ina bin ta a baya cikin rana, ina ɗingishi, ina tunani. Kuskuren nan bai ɗauke ni awa biyu ba, a zaune, ana ba ni lemo. Gyaransa kuwa sai da ya ci kwana arba'in da rabin wuni a kar, da gwiwa biyu a kumbure. Abin da na koya ke nan, kuma kyauta nake ba ku: wauta tana da jirgi, ban haƙuri kuwa har gobe ta ƙasa yake tafiya.